Har Sai Tata Ya Buɗe Hannu

Kassel, Jamus
Fabrairu, 1997

Sisi Zukiswa, yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mahaifinmu Tata da duk mutanen Mdantsane. Ni ƙalau nake, sai ɗan tarin da sanyin ƙasar nan ke bar mini kowace shekara. Matata Heike tana gaishe ku, yara ma haka.

Na san za ki ce Luyolo ba ya rubutu sai da dalili. To akwai dalili, mai daɗi kuwa. An gayyace ni in zo gida a watan Satumba in jagoranci babban taron waƙa a zauren birnin Monti. Za a tara ƙungiyoyin mawaƙa na coci-coci da na makarantu daga ko'ina a lardin, a kawo makaɗa daga Cape Town, masu goge da masu busa, a kuma watsa shi a rediyo kai tsaye. Zauren nan fa, Sisi, wanda a da ko a matakalarsa ba a barin baƙar fata ya zauna. Na yi shekaru a bayan labule a gidajen opera na Jamus, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, in horar da mawaƙa wata da watanni, ranar wasa wani ya fito da sanda ya karɓi tafin. Sai bara aka fara barina in tsaya a gaba. Yanzu ƙasata ta tuna tana da ɗa.

Na gaya musu waƙar rufe taro dole ta zama waƙar Kogi, wadda Tata ya yi shekarar da Mama ta rasu. Na ɗauko ta daga do-re-mi ɗin da yake rubutawa a allo, na mayar da ita rubutun da makaɗa ke karantawa, na yi mata shimfiɗa da goge kafin muryoyi su shigo. Ga kuma abin da nake so ki fara gaya masa kafin takardar gayyata ta iso: idan an zo wannan waƙa zan ajiye sandata, in sauko, in kamo hannunsa in hau da shi. Shi zai jagoranci waƙarsa. Mutumin da ya tsufa yana koya wa 'yan unguwa waƙa a aji mai yoyo, ga shi gaban ɗaruruwan muryoyi, ɗansa yana ba shi wuri. Ki hango hoton. Da na faɗa wa masu shirya taron, wata har da hawaye.

Ki gaya masa a ranar da wannan ta same ki. Ki rubuto mini abin da ya ce, kalma da kalma.

Ƙaninki,
Luyolo

Mdantsane
Maris, 1997

Maestro,

Haka na ga jaridar da ka turo bara ta kira ka, wai babban jagoran makaɗa, ban kuma sani ba ko an yarda 'yan uwa su ci gaba da cewa Luyolo.

Muna lafiya. Ɗalibaina na shari'a suna nan suna rubuta amsa kafin su karanta tambaya. Tata yana cin masararsa da wake, yana faɗa da gwiwarsa ta hagu, yana aske gemu kowace safiya kamar mai jiran baƙi. A gaida Heike. Ka sha zuma don tarin.

Ka ce in gaya masa a ranar, na kuwa bi umarni kafin in ɗauki biro. Na juya kujerarsa yadda hasken taga zai faɗa a fuskata, na tsaya gabansa, na faɗa a hankali ina buɗe baki sosai. Ka ce kalma da kalma, to ga su: "Yaron nan ya yi hankali." Sannan: "Kai baƙar kwat ɗina wajen mai guga."

Za ka ce me ya kawo taga da buɗe baki. Tata ba ya ji, Luyolo. Ba wai sai an ɗaga murya ba. Jiya tukunya ta faɗi a bayansa, kyanwa ta yi tsalle ta fita, shi bai ɗago daga shayinsa ba. Na rubuta maka wannan a wasiƙar Kirsimetin da ya wuce, da ta wanda ya gabace shi, duk a shafi na biyu. Yanzu na gane a Jamus ba a juya takarda. Na'urar ji da likita ya ba shi tana cikin gwangwanin maɓallai.

Amma bai daina jagora ba. Duk Laraba da yamma da Lahadi da safe yana tsaye gaban ƙungiyarsa ta mawaƙan coci, hannu na sama na ƙasa. Sai dai hannun yana rera wata waƙa, su suna rera wata. Yakan yi jinkiri a tsakiyar layi kamar mai jiran amsa daga wani ɗaki, sannan ya ruga don ya cim ma abin da bai ji ba. Wa suke bi? Kafaɗar Mama Dideka. Ka tuna ta, mai siririyar murya a layin gaba, wadda kan ba ka alewa in Tata ya murɗe maka kunne. Ta ɗaga kafaɗar dama su shiga, ta sauke su fita. Idonsu na kan Tata, wutsiyar idon na kan kafaɗa. Har kofi suka ci da wannan dabara a gasar gunduma. Da alƙali ya yaba wa tsabtar hannun tsoho, sai ta ce mini a mota: "Yarinya, da kafaɗar nan na da baki, da ta nemi a raba kofin biyu."

Babu wanda ya gaya masa. Fasto ya ce ba aikinsa ba ne. Matan zumunta suka ce duk wanda ya gaya masa shi zai ɗauki gawarsa.

To ga shi nan. Masu gogen Cape Town ba su san kafaɗar Mama Dideka ba. Na hango hoton kamar yadda ka ce, yana da kyau ƙwarai. Sai dai a rediyo za a watsa.

Yayarka,
Zukiswa

Kassel
Mayu, 1997

Sisi,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, muna da sabon wasa, ba ni da lokacin kaina. Tarin ya tafi.

Wasiƙarki ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba. Kin san ba ya ji, amma kika je kika gaya masa kafin ki tuntuɓe ni. Da kin rubuto tukuna, da na sauya shiri, in zaunar da shi a kujerar gaba, a kira sunansa ya miƙe a tafa masa. Yanzu kwat ta tafi guga, masu taro sun buga takardun talla da sunayenmu, uba da ɗa. Na fi so in ɗauka ba ki yi tunani ba, ko da yake ban taɓa sanin ki da rashin tunani ba.

Amma na sami mafita, daga sana'ata kuma ta fito. A opera sau da yawa mawaƙa kan rera daga bayan fage, inda ba sa ganin mai sanda. Sai mutum ɗaya ya tsaya a duhu da 'yar tocila mai jan ido yana ba su bugun. Aikin da na fi daɗewa ina yi ke nan. Ba na jin akwai wanda ya fi ni iya jagora ba tare da an gan shi ba. Zauren Monti yana da bene a baya, sama da 'yan kallo, yana fuskantar dandamali. Da na hau da Tata na ba shi wuri, sai in zagaya in haye benen. Shi yana fuskantar mawaƙa, ni ina bayansa can sama. Kowa ya bi jan haske, shi ya kaɗa hannunsa yadda ransa ke so. Abin da Mama Dideka ke yi ne, sai dai da ilimi.

Ba zai taɓa sani ba, zai kuma bar duniya yana cewa ya jagoranci makaɗan Cape Town. Wace kyauta ce ta fi wannan? Abin da nake nema a wurinki kawai ki yi shiru. Na san kin iya.

Luyolo

Mdantsane
Yuni, 1997

Luyolo,

Lafiya muke. Sanyi ya shigo, Tata yana kwana da safa. Kwat ta dawo daga guga, tana rataye a ƙofar ɗakinsa cikin leda, duk wanda ya zo sai an nuna masa. Da safe yana gwaji gaban madubin kabad, ina jin takalminsa yana buga ƙasa.

Ka ce ban yi tunani ba. Na gode da kyautata zato.

Shirinka na tocila akwai wayo, ba ni kuma da bakin kushe shi tunda mu ma da kafaɗa muke. Amma akwai wuri guda da kafaɗa ba ta taɓa shiga ba, kuma wannan karon na sa shi a shafin farko.

Amin ɗin ƙarshe na waƙar Kogi. Lokacin da ka bar gida Tata yana riƙe shi kamar kowa. Tun da kunnen ya tafi abin ya zama wani abu dabam. In an zo "Aaa" sai ya ɗaga hannun dama ya dunƙule. Muddin hannun na dunƙule, bakuna na buɗe. Sai ya saki yatsu a rufe leɓe a kan "min". Babu wanda ya san tsawon da zai yi, shi ma ina jin bai sani ba sai ya ga fuskokin. Yana bin su da ido layi-layi, yana duba bakin kowa, su kuma suna satar numfashi bi da bi don kada sautin ya yanke. Ranar Ista har wani mai kaurin murya ya dafa bango. A nan Mama Dideka kan sauke kafaɗarta ta zama kamar kowa. Na taɓa tambayarta me ya hana ta gajarta musu wahala, ta ce: "Ke 'yar boko, duk waƙar mun ƙwace masa. Wannan ɗaya tasa ce. Ko zan faɗi matacciya, sai ya buɗe hannu."

Ka gane? A sauran waƙar ba ya jin ko suna binsa. A nan kaɗai yake gani da idonsa. Da Amin ɗin nan yake auna ko har yanzu shi ne shi.

Ka ce ka san na iya shiru. Gaskiya ne, kuma malaminmu ɗaya. Kai kana kan benci kana kaɗa ƙafa lokacin, ba za ka tuna ba. Ana gwajin gasa, ina layin 'yan mata, sai Tata ya tsayar da waƙa ya bi layi yana kara kunne a bakin kowa. Da ya zo kaina ya daɗe. Sannan ya ce, gaban kowa: "Zukiswa, ke ki riƙa buɗe baki kawai. Allah yana jin zuciya, alƙalai kuwa kunne gare su." Bai cire ni ba, don yana bukatar cika layi, an kuma riga an ɗinka mini riga. Haka na yi ta tsayawa har na tafi jami'a, baki na motsi, babu abin da ke fita. Na san kowace waƙa tasa da kowane wurin numfashi. Ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Ban kawo wannan don ka tausaya mini ba. Na kawo ne don ka san na san aikin da kake shirin ba Tata. Ana iya rayuwa da shi in an gaya wa mutum tun farko. Shi ba a gaya masa ba. Ka bar masa Amin ɗin.

Zukiswa

Kassel
Agusta, 1997

Sisi,

A gurguje, ina haɗa kaya. Muna lafiya, ina fata ku ma haka.

Na karanta shafin farko, kin ga ana samun ci gaba. Amin ɗin bugu huɗu ne. Haka yake a rubutun Tata da kansa, na duba. Masu busa ƙaho mutane ne masu huhu, ba sa satar numfashi bi da bi kamar matan zumunta. Bayan haka rediyo na da agogo, labarai na biye da mu. Ba a rataya ɗaruruwan mutanen da ba su taɓa ganin juna ba a hannun tsoho mai rawa. A gwaji babu makaɗa, zan bar shi ya riƙe har rana ta faɗi, ransa ya yi sanyi. Ranar taro huɗu ne. Da fitilun dandamali a idonsa, da wuya ya ga bakin kowa.

Mama Dideka zan mayar da ita layin baya. Muryarta ta fara rawa, na'urar ɗaukar sauti kuma ba ta san girman manya ba. Ki lallashe ta.

Zancen buɗe baki kuwa, kin cika riƙo, Sisi. Kuma tsakani da Allah Tata bai yi ƙarya ba. Na sha jin ki kina waƙa a wajen wanke-wanke.

Sai na iso.
L.

Mdantsane
Oktoba, 1997

Maestro,

Ina fata ka isa lafiya, kuma jirgin da ya hana ka biyowa gida ka yi sallama bai makara ba. Mu muna nan. Tata yana ci, yana barci, gwiwa ta yi sauƙi tunda ya daina tsayuwa.

Kai daga bene ƙeyarsa ka gani. Ni an ba ni kujera a gefen dandamali, wajen 'yan uwa, saboda haka ni na ga fuskar. Na ga ya kamata ka sami rabonka.

Ka yi kyau, in faɗi gaskiya. Da ka sauko ka kamo hannunsa, zauren duka ya miƙe. Matar da ke kusa da ni ta jiƙa hankici. Ya hau a hankali, ya gyara kwat, ya dubi wannan jama'a da ke jere gabansa, sai na ga ya ƙara tsawo. Masu goge suka fara, jan idonka ya bayyana can sama kamar wutar sigari, komai ya tafi daidai. Hannunsa na bayansu da kusan rabin layi, babu wanda ya damu. Yana murmushi, Luyolo. Rabona da in ga haƙoransa na ƙasa tun Mama na da rai.

Aka zo Amin. Ya ɗaga hannu ya dunƙule, ya fara bin layin gaba da ido yadda ya saba. Fitilu ba su hana shi komai ba, mutumin da da leɓen mutane yake rayuwa. Bai gama layin farko ba suka rufe baki. Gaba ɗaya, tsaf, kamar an rufe akwati. Masu goge suka sauke kayansu a cinya. Hannunsa na sama a dunƙule.

Abin da ya biyo ka ji, tunda kai kunnenka ƙalau. Daga layin baya, bayan dogayen 'yan makarantar da ka jera, murya ɗaya ta ci gaba. Mama Dideka, ita kaɗai, siririya tana rawa, a cikin zaure shiru, a cikin rediyo. Ta leƙa ta tsakanin kafaɗu ta ga hannun bai buɗe ba. 'Yan makarantar suka fara ƙunshe dariya, ta bazu a layi, ta gangaro cikin 'yan kallo. Sai wani mai tausayi ya fara tafi don ya rufe ta.

Tata bai ji ta ba, bai kuma gan ta ba, ka ɓoye ta da kyau. Abin da ya gani shi ne bakuna a rufe, waɗansu suna dariya, idanuwa kuma duk sun wuce ta saman kansa. Ya bi idanun. Ya juya a hankali, hannun har yanzu a sama, ya ɗaga kai. Ba ka kashe tocilar ba tukuna. Jama'a suka ɗauka ya juyo gaishe su ne da hannu a dunƙule irin na zamanin gwagwarmaya da wariyar launin fata, suka ƙara ihu, waɗansu suka ɗaga nasu. Wannan ne hoton da jaridu suka buga. Ka samu hotonka.

Na tuƙo mu har ƙofar gida na tsayar da mota. Ya kama haɓata ya juyo da fuskata ya ce: "Tun yaushe?" Na ce yau ne kawai. Ya ce: "Ba na yau nake tambaya ba. A coci. Wa suke kallo?" Shari'a nake koyarwa, ban iya kauce wa tambayar da aka yi ta daidai ba. Na faɗa masa. Ya saki haɓata.

Laraba bai je gwaji ba, Lahadi ma haka. Mama Dideka ta zo da kanta da kwanon fanke. Ya ce in gaya mata ba ya nan, alhali yana zaune inda take hango shi ta taga. Ta tsaya a ƙofa da kwanon a hannu ta ce: "Ki gaya masa na riƙe, yarinya. Ki ce masa ni ban rufe ba." Na ce to.

Fanken ya yi daɗi.

Zukiswa

Kassel
Nuwamba, 1997

Sisi,

Gaisuwa. Ina fata jikin Tata da sauƙi. Tarin ya dawo, barcina ma ba daidai yake ba.

Na karanta wasiƙarki gaba da baya. Kin iya ba da labari, kamar kin ji daɗin kujerar da aka ba ki. Na yarda na yi kuskure da tocilar, da na kashe ta da wuri. Amma ke kika gaya masa zancen kafaɗa. Da kin ce ba ki sani ba, da laifin ya tsaya a kaina ni kaɗai, ɗa marar kunya da Turawa suka ɓata, ya zage ni ya koma cocinsa ranar Laraba. Ni Amin ɗaya na ƙwace masa. Ke shekaru kika ƙwace.

Duk da haka akwai labari mai kyau, ina kuma ganin zai gyara komai. Wata ƙungiyar opera a Cape Town ta ji taron, ta ga hoton, suna so in dawo gida in zama jagoransu. Ba bayan labule ba, Sisi, a gaba, da sunana a ƙofa. Suna so a buɗe da waƙar Kogi, Tata yana kujerar farko, in gama in nuna shi da hannu. Ba zai yi komai ba sai miƙewa. Zan zo Kirsimeti mu yi magana ni da shi, amma ki fara share mini hanya.

Kin isar masa da saƙon Mama Dideka? Ki isar. In ya san mutum ɗaya ya riƙe masa, zai koma wurinsu, ni ma zai sassauta mini. Ki amsa mini wannan.

Luyolo

Mdantsane
Disamba, 1997

Luyolo,

Lafiya muke. Zafi ya shigo, makaranta ta yi hutu. Barka da sabon aiki, ka koma kan zumar.

Na ba Tata wasiƙarka, ban da shafin da ya shafe ni. Ya karanta, ya ninke ta yadda take, ya ce: "Yaron ya iya rubutu." Ba zai zo Cape Town ba. Kwat ɗin ma ya ba mai guga kyauta.

Ka ce kai Amin ɗaya, ni shekaru. Ban musa ba. Ka kuma tambaya ko na isar da saƙon Mama Dideka. Ban isar ba. Kullum ina niyya, kullum sai in ga ba lokacinsa ba ne. Ta zo ƙofa har ta gaji ta daina. Ga abin da ya faru a tsakani, kai ka yi hukunci, tunda ka iya.

Wata Laraba, daidai lokacin da yakan fita gwaji, ya kira ni falo. Ya juya kujerarsa da kansa, ya nuna mini gaban taga ya ce: "Tsaya nan. Kin san waƙar Kogi?" Na ce na sani. Ya ce: "Yi." Ya ɗaga hannu.

Na yi yadda aka koya mini. Na buɗe baki, ban fitar da komai ba. Sai ga shi abin ya zo da sauƙi. Inda ya yi jinkiri na jira shi, inda ya ruga na ruga, tunda ba ni da sautin da zai faɗi a hanya. Karon farko cikin shekaru hannunsa da bakin da ke gabansa suka rera waƙa ɗaya.

Aka zo Amin, ya dunƙule. Na buɗe. Ya kafa mini ido yana jira in gaza kamar sauran. Ruwan shayi ya tafasa a kicin har ya ƙone, muƙamuƙina ya fara ciwo, amma numfashi ina yin abina ta hanci. Masu ƙahonka na da huhu, Mama Dideka na da shekaru. Ni ba ni da iyaka. Hannunsa ne ya fara gajiya. Ya saki yatsu, na rufe leɓe.

Ya dube ni ya ce: "Ashe ke ce mai numfashi a gidan nan. Wa ya koya miki?"

Na ce: "Kai, Tata."

Duk Laraba muke yi yanzu. Yana aske gemu saboda ni. Makon jiya, muna tsakiyar Amin, ya miƙo hannun hagu zai taɓa maƙogwarona, yadda yakan yi wa yara don ya ji rawar murya a yatsunsa. Ban matsa ba. Hannun ya zo rabin hanya ya tsaya, ya daɗe a nan, sannan ya koma aljihu. Na dama bai buɗe ba, ni ma ban rufe ba.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa Kirsimeti. Layin gaba ya cika.

Yayarka,
Zukiswa